Ranar da Mainasara Ya Kai wa Whale Daddawa

A duk faɗin unguwar University Heights da ke Bronx babu Bahaushen da bai san Mainasara ba, kuma babu wanda ya san shi da son ransa. Direban tasi ne, mutumin Gumel. Ruwa mafi zurfi da ya taɓa shiga a rayuwarsa shi ne kududdufin bayan gidansu da damina, shi ma iya gwiwa. Amma a New York sunansa Kyaftin. Shi ya raɗa wa kansa, kuma shi kaɗai yake faɗin sunan ba tare da murmushi ba. Dalilin sarautar kuwa, duk wata yakan hau jirgin fiton nan na Staten Island ya sayo wa matarsa manja da gari a Tompkinsville. Minti ashirin da biyar zuwa, ashirin da biyar dawowa, yana zaune a tsakiya, nesa da taga. Wannan shi yake kira "shekaruna goma sha ɗaya a teku."

A watan Janairu sai ga surukinsa ya sauka. Baba Tsoho, mahaifin matarsa Aminatu, masunci ne daga Yauri wanda ya shekara sittin a kan kogin Kwara. An kawo shi ne a cire masa yanar ido, aiki kuma ya yi kyau. Tsohon ba mai yawan magana ba ne. Tun ranar ɗaurin aure, duk abin da ya taɓa faɗa a kan Mainasara kalma biyu ne, "ɗan tudu," kuma kalmomin nan biyu sun yi shekara goma sha biyu a maƙale a wuyan Mainasara.

A daidai lokacin kuma Alhaji Dikko, mutumin Maraɗi, shugaban ƙungiyar Hausawan Bronx, wanda ke aiki a wani ofishin jakadanci a Manhattan, ya shiga neman mutumin da zai riƙa zagayawa da manyan baƙinsu cikin gari. Aiki ne na dindindin, da mota baƙa mai sheƙi, ba sauran ɗaukar mashaya da masu karnuka. Mainasara ya duba ya ga Allah ya haɗa masa suruki da aiki a faranti ɗaya.

Ranar Juma'a bayan an sauko, jama'a suka cika gidan abincin Hajiya Balki a Morrisania. Mainasara ya miƙe tsaye da cinyar kaza a hannu.

"Jama'a, Lahadi ta sama kowa ya shirya. Zan kai ku teku ku ga whale."

"Whale ɗin talabijin?" in ji Hajiya Balki daga bayan kanta.

"Shi da kansa. Kifin da ya fi doguwar bas ɗin Fordham tsawo."

Alhaji Dikko ya ajiye cokali. "A wannan sanyin? Vraiment, gaskiya Mainasara, ko tattabarun Bronx sun shiga ɗaki."

"Ranka ya daɗe, sanyi na mutanen tudu ne. Mu mutanen ruwa ba ma jin sa."

Ya faɗi haka yana satar kallon surukinsa. Baba Tsoho yana zare ƙayar kifi daga bakinsa, bai ko ɗago ba.

"Ku mutanen ruwa?" in ji Hajiya Balki. "Ba kai ne ka kira 'yan kwana-kwana ba ranar da famfon kicin ɗinku ya fashe?"

"Wannan ruwan gida ne, Hajiya. Ba fannina ba ne."

Aka yi dariya, shi ma ya yi, don a tunaninsa shi ya ci zagayen. Alhaji Dikko ya goge baki ya ce, "To shi ke nan. Idan ka kai mutanen nan teku ka dawo da su suna murna, aikin nan naka ne."

Washegari ya buga wa masu jirgin yawon kallo da ke tashi daga Brooklyn. Matar da ta ɗauka ta gaya masa sau uku, a hankali, kamar mai karanta wa majinyaci takardar magani, cewa tafiyar hunturu ta kallon tsuntsaye ce da wasu dabbobin ruwa da ake kira seal. Whale kuwa da wuya a gan shi a wannan lokacin, bana ma ba su ga ko ɗaya ba, kuma ba sa yi wa kowa alkawari.

Mainasara ya kashe waya yana girgiza kai don tausayi. Bature ya iya ƙera jirgi, amma bai iya karɓar baƙo ba. Wa zai taso daga ƙasan teku cikin wannan sanyi a tarbe shi da kamara kawai, ko ɗan abin taɓawa babu? Kifi dai kifi ne, komai girmansa ciki gare shi da hanci.

Ya samo bokitin fenti. Ya zuba daddawa ƙulli ashirin, da busasshen kifi, da garin jatan lande, da gwangwanin sadin shida har da mansu, da ragowar tuwon jiya, da manja rabin galan, ya fasa ƙwai a kai don ƙarin daraja. Ya rufe, ya ajiye a ɗan ɗakin shara kusa da bututun hita mai ɗumama gida, ya sa kwaɗo.

A rana ta uku Aminatu ta dawo daga asibitin da take aikin nas, ta tsaya a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa.

"Maigida, me ya mutu a gidan nan?"

"Sirri ne."

"Sirrin ya kai hawa na huɗu. Matar nan 'yar Dominika ta kunna kyandir a bakin ƙofarta tana addu'a."

"Idan kin ga sakamako za ki nemi gafarata."

"Na yi aiki a ɗakin masu ruɓaɓɓen ƙafa shekara biyu, ban taɓa jin irin wannan ba."

A rana ta huɗu mai kula da benen ya zo da tocila yana neman mushen ɓera. Ya cire katakon ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ya leƙa bayan firji, ya ƙwanƙwasa bango. Mainasara ya riƙe masa tocilar, har yana ba shi shawarar ya duba gidan maƙwabta. Baba Tsoho kuwa ya naɗe dardumarsa ya koma yin sallah a gefen taga, tagar a buɗe, dusar ƙanƙara tana sauka a kan hularsa.

A rana ta biyar Aminatu ta ce ko sirrin ya fita ko ita ta fita. Mainasara ya saka bokitin cikin babbar kula, ya naɗe ta da salatif zagaye goma, ya kai but ɗin mota. Wari ya bar gida, ita kuma ba ta tambayi inda ya koma ba.

Ranar Lahadi da hantsi mutum goma sha takwas suka hallara a bakin ruwan Sheepshead Bay, kowa ya naɗe kansa da jaket da safar hannu, ba a ganin komai sai idanu. Alhaji Dikko ya sha sabon kwat ruwan ƙasa a kan farar shadda, da hular dara. Sai ga Mainasara ya fito daga mota cikin babbar riga fara fat, babu jaket, da hular kyaftin mai zanen ƙugiyar jirgin ruwa wadda ya saya a wurin masu kasa kaya a Fordham Road, da madubin hangen nesa rataye a wuya. Yana jan kula.

"Ina jaket ɗinka?" in ji Alhaji Dikko.

"Ka taɓa ganin kyaftin da jaket, ranka ya daɗe?"

"Duk wanda na gani."

Aminatu ta miƙa masa ƙwayar hana tashin zuciya, kamar yadda ta raba wa kowa. Ya ture hannunta a hankali, ya ɗaga murya yadda surukinsa zai ji. "Ba wa masu buƙata. Ni ruwa gadona ne."

A bakin tsanin jirgin wani ƙaƙƙarfan mutum mai furfura a gemu yana karɓar tikiti. Sunansa Kudus, ɗan Zangon Accra, ma'aikacin jirgin. Da ya ji Hausa sai ya washe baki, sannan idonsa ya sauka a kan kula.

"Chale, mi ne ciki?"

"Jollof."

"Na Ghana ko na Najeriya?"

"Na Najeriya."

"To shi ya sa kun ɗaure shi haka." Ya matsa masa hanya. "Amma ka ji doka. Ba a ba dabba abinci, ba a jefa komi cikin ruwa. Ko ɓawon gyaɗa."

"Ɗan'uwa, ni kake gaya wa dokar teku?"

Jirgi ya tashi. Ban da su akwai Turawa kusan ashirin da manyan kamarori, da wata baturiya siririya mai bayani ta lasifika. Yawancin Hausawan sun fi Mainasara jin Turanci, amma nan take ya naɗa kansa tafinta, ya tsaya kusa da surukinsa a goshin jirgi, haƙoransa suna kaɗawa a tsakanin kalmomi.

Baturiyar ta nuna wasu agwagi baƙaƙe da fari a kan ruwa, ta ce daga can ƙuryar arewa suke zuwa duk hunturu.

"Ta ce 'yan Arewa ne kamar mu, Baba. Ci-rani suka zo."

Ta nuna wani ɗan tsibiri mai kangaye, ta ce a zamanin da a nan ake killace marasa lafiya da suka zo ta jirgin ruwa.

"Ta ce wancan asibitin kifaye ne."

"Ba haka ta ce ba," in ji Aminatu.

"Turancin teku daban yake da na asibiti."

Jirgi ya rage gudu kusa da tsibirin. A kan duwatsu ga wasu dabbobi masu ƙiba kwance a baje, launin toka, kamar buhunan shinkafa da aka sauke aka manta. Ɗaya ya ɗago kai ya dube su da manyan idanu, ya yi hamma, ya koma ya kwanta. Baturiyar ta rage murya ta ce waɗannan su ne seal, a yi shiru kada a firgita su.

"Ga su nan!" Mainasara ya kwarara ihu, har uku suka sulale cikin ruwa. "'Ya'yan whale ke nan. Uwar ta tafi kiwo, yanzu za ta dawo."

Baba Tsoho ya kare sabon idonsa da tafin hannu ya daɗe yana kallo. "Ɗan kifi da gashin baki?"

"Yana zubewa idan sun girma, Baba."

Alhaji Dikko ya matso kusa da tsohon, ya yi ƙasa da murya. "Baba, ko su ne ayu?"

Bai yi ƙasa da ita yadda ya kamata ba. Hajiya Balki ta juyo gaba ɗaya. "Alhaji! Da shekarunka kake cigiyar man ayu?"

"Tambayar ilimi ce, Hajiya."

"Ilimin zan kai wa uwargida da yamma."

Mainasara ya ga hankalin jama'a ya bar kansa, abin da ba ya iya jurewa ko na minti ɗaya. Ya ɗora madubin hangen nesa a ido, ya share teku da shi daga hagu zuwa dama, sai ga wani ƙaton abu yana ɗagowa yana nutsewa a can nesa.

"Whale! Whale! Wallahi ga shi can!"

Wannan kalmar kowa ya ji ta, Bahaushe da Bature. Mutum arba'in suka ruga gefe ɗaya, jirgi ya ɗan karkata, shayin wani tsohon Bature ya tafi a cikin takalmin Alhaji Dikko. Kamarori suka hau ƙyas-ƙyas. Jirgi ya ci gaba da matsawa, abin yana ƙara fitowa. Ja ne. Ƙarfe ne. Ƙaton gwangwanin nan ne da ake kafawa don nuna wa jirage hanya, yana lilo, ƙararrawar kansa tana ƙwal-ƙwal.

"Masha Allah," in ji Hajiya Balki. "Whale ɗinka har da ƙararrawa. Ga lamba ma a jikinsa, ashe mai rajista ne."

"Yana bayansa. Ɓuya ya yi."

"Kunya yake ji, ya ga surukai."

Daga nan jirgi ya juya ya miƙi teku sosai, ƙasa ta koma siririn zare a baya. Ruwan ya sauya hali. Jirgi ya hau tudu ya gangara, ya sake hawa ya gangara, hanjin Mainasara kuma ya ƙi bin tsarin. Idan jirgi ya sauka, hanjin yana sama. Yatsunsa sun daina jin komai, kunnuwansa sun zama kamar na aro, wani yawu mai ɗumi ya fara taruwa a bakinsa. Ya dubi surukinsa. Tsohon yana tsaye bai riƙe komai ba, gwiwoyinsa suna lanƙwasa suna miƙewa da kansu kamar tare aka haife shi da jirgin.

"Kyaftin, fuskarka ta koma ruwan ganye," in ji Aminatu.

"Hasken teku ne."

Yawancin mutane sun gudu cikin ɗakin jirgin mai ɗumi, inda kular take a ƙarƙashin benci, jikin hita. Hajiya Balki, wadda ba ta karya ba tun safe, ta tuna an ce akwai jollof. A matsayinta na mai sana'ar, ta ga ya dace ta duba aikin wasu. Ta ciro ɗan almakashi daga jaka ta yanke salatif, ta ɗaga murfin kula, ta tarar da bokiti, ta sa farce a gefen murfinsa.

Ba ta ƙarasa ba. Abin da ya yi kwana takwas yana kumbura ya ƙarasa mata. Murfin ya tashi da ƙara ya bugi silin.

Mainasara yana waje ya ji ƙarar, ya kuma ga ƙofar ɗakin ta buɗe da ƙarfi, mutane suna fitowa a guje, wasu da hula a hanci, wasu suna salati, Turawa suna kiran nasu. Wani ya nufi ƙarfen gefen jirgi, bai kai ba amai ya ƙwace masa. Ganin wannan ya ja wasu biyu suka bi sahunsa. Hajiya Balki ce ta fito ƙarshe, idanunta na zubar da hawaye.

"Mainasara! Gawar wa ka dafa?"

Shi kuwa abin da ya gani daban ne. Tun da ƙamshi ya kori mutum arba'in daga ɗaki, to ya kai ƙasan teku ke nan. Lokaci ya yi. Ya ja numfashi ya riƙe, ya kutsa ciki, ya rungumo bokitin, ya fito yana tangaɗi zuwa bayan jirgi inda jama'a suka taru suna neman iska.

"Ku ba ni hanya! Yau za ku ga aikin Kyaftin!"

Ba a taɓa ba shi hanya da sauri irin haka ba. Alhaji Dikko ne kaɗai bai matsa ba, don ya sunkuya yana zubar da shayi daga takalminsa. Kudus ya taho a guje daga ɗaya gefen.

"Chale, ajiye shi! Kar ka zuba! To ko za ka zuba, ba wannan gefe ba, iska na zuwa daga nan!"

Mainasara ya san hassada idan ya ji ta. Ya ɗaga bokiti sama, ya fuskanci iskar sosai, ya ce da murya mai ƙarfi, "Sarkin kifaye, ga tarbarka daga mutanen Gumel!" Ya watsa.

Abin ya fita kamar jan mayafi, ya tsaya a iska na ɗan lokaci kamar mai shawara, sannan ya dawo gida. Rabi ya sauka a kan babbar rigar Mainasara daga hula har ƙafa. Ɗaya rabin ya sami Alhaji Dikko daidai lokacin da ya ɗago. Kwat ruwan ƙasa ya zama ja, farar shadda ta zama abin da ba shi da suna, kan sadin ɗaya ya zauna a kan dara yana kallon gabas. Teku kuwa ko cokali ɗaya bai samu ba.

Alhaji Dikko ya buɗe baki, Hausa ta ƙi fitowa, Faransanci ma ya ƙi.

Gayyatar dai ta isa inda ta isa. Fararen tsuntsayen tekun nan masu rawayan baki, waɗanda tun ɗazu suke bin jirgin su biyar ko shida, suka yi kuka ɗaya, sai sama ta cika. Daga ina suka fito, Allah kaɗai ya sani. Suka sauko ɗari-ɗari, suna ihu, suna faɗa, suna sakin abin da ke cikinsu a kan mai laifi da marar laifi. Ɗaya ya ɗauke kan sadin daga hular Alhaji, na biyu ya zo bai sami komai ba ya ɗauke hular. Uku suka sauka a kafaɗun Mainasara suna tsattsagar wuyan rigarsa. Wani ƙato ya fizge hular kyaftin ya yi sama da ita, ya ga ba ta ciwuwa, ya sake ta a teku.

"Alhamdu lillahi, baƙi sun amsa gayyata," in ji Hajiya Balki daga ƙarƙashin benci. "A ƙaro musu faranti!"

Mainasara ya shiga kai musu duka da bokiti. A juyi na biyu cikinsa ya yanke hukuncin da ya daɗe yana jinkirtawa, ya mayar da shayi da burodin safe a gaban kowa. A juyi na uku iska ta shiga babbar riga ta cika ta tam kamar laima, ƙafarsa ta taka manja, jirgi ya gangara. Ya tafi da baya, ya zauna, ya sulale tun daga tsakiyar jirgi har gefe, ƙafafunsa biyu suka fita ta ƙarƙashin ƙarfen kariya, suka tsaya suna lilo a kan teku. Igiyar ruwa ta taso ta wanke shi har ƙugu, ruwan da ya fi ƙanƙarar firji sanyi.

"Wayyo Allah! Aminatu! Ban iya ruwa ba! Wallahi ban iya ruwa ba! Ku gaya wa direba ya taka birki!"

Wayoyi goma sha biyar suna ɗauka. A daidai lokacin lasifika ta fashe da muryar baturiyar, tana ihu kamar an yi mata albishir da Aljanna. "Whale! Whale a gaban jirgi! Ku zo gaba!"

Ba wanda ya motsa. An riga an yi musu wannan sau ɗaya yau, kuma abin da ke gabansu ya fi kowane kifi. Kudus ya kawo doguwar sanda mai ƙugiya, ya saƙalo wuyan babbar riga, ya jawo Mainasara a kan manja kamar buhun da ya jiƙe, ya ajiye shi a tsakiya. Sai da aka tabbatar yana numfashi, har ya fara cewa da ma dabara ce, sannan wani ya lura baturiyar ba ta daina ihu ba.

Aka ruga gaba. Babu komai sai wani faffaɗan da'ira mai santsi a kan ruwa, yana bajewa a hankali. Baturiyar tana share hawaye, tana cewa shi ne na farko da suka gani duk hunturun nan, ya ɗago har sau biyu, ya nuna wutsiya. A gefenta Baba Tsoho yana tsaye inda yake tun da aka tashi, hannayensa a baya, fuskarsa tana haske. Mutum arba'in sun fito kallon whale, mutum biyu suka gan shi.

Turawa masu manyan kamarori suka juyo suka dubi Mainasara. Ba a buƙaci tafinta ba.

Sai ga wata 'yar gajeriyar tsohuwa ta sauko daga ɗakin tuƙi, da furfura da kofin kofi a hannu, sanye da jaket mai kauri. Ta dubi manjan da ya malale, ta dubi tsuntsaye, ta dubi Alhaji Dikko. Ta ce ita ce kyaftin ɗin jirgin nan shekara ashirin da shida, amma an gaya mata wai akwai wani kyaftin a ƙasa, tana so su gaisa.

Hannaye goma sha bakwai suka nuna shi, har da na matarsa.

Abin da ta gaya masa bai yi tsawo ba. Ba zai sake taka jirginta ba, za ta kuma aika hotonsa ga duk masu jirgin da ke bakin ruwan, sannan kafin a isa tudu zai wanke inda ya ɓata. Kudus ya ba shi burushi da bokiti, wato bokitin daddawar nan, da wata rigar leda ruwan lemo mai haɗe da wando, don babbar rigar an ɗaure ta a leda an sa a kwandon shara. Haka ya dawo New York a durƙushe, yana gurzar ƙasa, Hajiya Balki tana nuna masa inda ya tsallake.

A bakin ruwa ya lallaɓa wajen Alhaji Dikko, wanda ke tsaye ba hula, lulluɓe da bargon jirgi.

"Ranka ya daɗe, ka dai ga whale ya fito. Batun aikin nan..."

"Mainasara," in ji Alhaji Dikko a hankali, "ko gawata za a kai filin jirgi, zan bar wasiyya kada a ba ka tuƙin."

Aminatu ta miƙo hannu. "Makullin mota."

"Ai ni zan tuƙa."

"Motar nan da ita muke ci. Idan ka zauna a cikinta yau, sai dai a sayar wa masu kifi. Ga tashar jirgin ƙasa can."

Ta buɗe wa mahaifinta ƙofa. Tsohon ya girgiza kai. "Ku tafi, ɗiyata. Ni in raka shi. Warin kifi bai kashe ni ba shekara sittin."

Suka hau jirgin ƙasa su biyu. Taragon a cike yake da suka shiga. Kafin tasha ta gaba ya zama nasu su kaɗai, mutane sun matse a taragon gaba suna leƙensu ta gilashi. Mainasara ya zauna yana rawar ɗari, rigar leda tana ƙara duk motsin da ya yi. Ba su kai tasha huɗu ba ya juyo wajen surukinsa.

"Ka ga Baba, har tarago guda suka bar mana. Mutanen nan akwai girmama baƙo."

Tsohon yana kallon taga.

"Amma Baba, tsakaninka da Allah. Kai ka gan shi da idonka. Daddawata ce ta fito da shi, ko ba ita ba? Yaya ya yi da ya ɗago?"

Jirgi ya tsaya, ƙofa ta buɗe. Wani ƙaton mutum cikin baƙin kwat mai sheƙi ya sako kai da rabin jikinsa, yana murna ya sami tarago babu kowa. Ya ja numfashi ɗaya. Ya tsaya cak, ya furzar da iska ta hanci da ƙarfi, ya juya da dukkan nauyinsa ya koma inda ya fito, gefen kwat ɗinsa ya yi sama kafin ƙofa ta rufe.

Baba Tsoho ya nuna ƙofar da haɓa.

"Ka ga wanga? Haka ya yi."